Insitola ta hau lafiya a kwamfutar mai ita, a shagon kwastoma sai 1603

Manhajar da ake magana a kanta ƙarama ce, ta lissafin kaya da ciniki, irin wadda ake sa wa shagon sari mai kashiya biyu ko uku. Wani ƙaninmu ne ya rubuta ta da C#, ya haɗa mata insitola, wato fayil ɗin da ake dannawa a saka manhaja, da kayan haɗa insitola na WiX 3, fayil ɗaya na MSI, irin wanda Windows Installer ke gudanarwa. Bayan zuba fayiloli a Program Files akwai wasu ayyuka da insitolar ke yi ta cikin kostom akshan guda ɗaya, wato ƙarin aikin da ake cusa wa insitola, da ya rubuta da hannunsa: ta rubuta lambar lasisi a rajistiri, ma'ajiyar saitin Windows, ƙarƙashin HKLM (HKEY_LOCAL_MACHINE, ɓangaren kwamfuta gaba ɗaya da sai admin ke rubutu a ciki), ta kama wa manhajar fot da umarnin netsh http add urlacl don kwamfutocin kashiya su riƙa magana da babbar, ta ajiye wani ɗan fayil na saiti a AppData, foldar kowane mai amfani, ta kira wani exe na masu firintar rasit, sannan ta ƙirƙiri databes a SQL Server Express. Duk a akshan ɗaya, ya cusa su kamar ba gobe.

A laptop ɗinsa komai lafiya lau. A shagon kuwa ana danna MSI sau biyu sai UAC, tagar nan mai neman izinin admin, ya fito, manaja ya danna Yes, koren layin nan ya tafi har kusan ƙarshe, sai kawai a ce aiki ya tsaya da matsala. Abin da ya fi rikita su shi ne in ka duba jerin manhajojin da ke kan kwamfutar ga ta nan a zaune, ga gajeriyar hanyarta a desktop, amma in ka buɗe ta sai ta ce babu lasisi babu databes. Ya turo min saƙo yake cewa "Yaya wallahi mutumin admin ne, kuma ya danna Yes a gabana ta AnyDesk, to me kuma Windows ke nema?"

Na ce kafin mu yi gardama ka kawo log, wato rubutaccen bayanin duk abin da insitolar ta yi. Ba a gyara MSI da hasashe, sai da wannan:

msiexec /i Manhaja.msi /l*v C:\Users\Public\log.txt

kuma na ja masa kunne ya buga shi daga cmd, tagar buga umarni, na gama-gari, kar ya buɗe cmd ɗin a matsayin admin, don in ya yi haka matsalar ɓuya za ta yi. Log ɗin MSI dogo ne ainun, ba a karanta shi daga sama, kawai ka nemi "Return value 3" na farko ka riƙa hawa sama daga nan a hankali. Layin da ke saman sa ya ce akshan ɗin ya dawo da 1603, wanda ba ya gaya maka komai, 1603 kawai cewa yake abu ya lalace. Sama da shi kaɗan sai ga UnauthorizedAccessException a kan wani maɓalli na HKEY_LOCAL_MACHINE. Sama kuma kaɗan ga layin da ni nake nema, wanda Windows Installer ke rubutawa da kansa har da gaisuwa: "Hello, I'm your 32bit Impersonated custom action server." Da na ga Impersonated ɗin nan na san inda aka kwana.

Ga yadda abin yake. Tun daga Windows Vista a 2007 da aka kawo UAC, ko kai admin ne in ka shiga kwamfuta izini iri biyu ake yanka maka, cikakke da ragagge, kuma ragaggen shi ne kake yawo da shi kullum. MSI kuma ba mutum ɗaya ke gudanar da shi ba. Akwai ɓangaren da kake gani da tagogi da Next Next, wanda a log ake sa masa MSI (c), akwai kuma sabis ɗin Windows Installer da ke aiki da asusun SYSTEM, asusun Windows ɗin kansa mai cikakken iko, shi ne MSI (s). Yes ɗin da manaja ya danna bai mayar da duk abin da ke cikin fayil ɗin admin ba, abin da ya yi kawai shi ne ya ba sabis ɗin izinin ya yi canje-canje a kwamfutar. Shi kuma sabis ɗin zagaye biyu yake yi. A zagayen farko yana bin InstallExecuteSequence yana rubuta jerin abin da za a yi, bai taɓa komai ba tukuna. In ya iso InstallFinalize sai ya ɗauki jerin nan ya aiwatar da shi da ƙarfin SYSTEM. Duk akshan ɗin da aka sa masa Execute="immediate" a zagayen farko yake gudu, kuma sabis ɗin kan ari rigar wanda ya danna fayil ɗin ne ya gudanar da shi, ragaggen izininsa da komai. To ƙaninmu immediate ya sa, ya kuma ajiye shi After="InstallFinalize".

Wannan ya warware abu biyu lokaci guda. Na farko dalilin da ya sa yake aiki a wajensa: shi kullum Visual Studio ɗinsa da cmd ɗinsa a matsayin admin yake buɗe su, daga can yake gwada MSI ɗin, rigar da ake ara ta cikakken admin ce, don haka HKLM ya buɗe masa. Na biyu dalilin da ya sa manhajar ke zama a kwamfuta duk da an ce aiki ya faɗi: bayan InstallFinalize an riga an rufe ciniki, babu sauran janyewa, akshan ɗin ya faɗi ne a lokacin da ba wanda zai kwashe abin da aka zuba.

Kafin mu kai ga gyara sai da muka yi ja-in-ja kan gajerun hanyoyi, don shi so yake ya gama ya karɓi kuɗinsa. Ya ce a kashe UAC a shagon mana. Na ce a'a, kwamfutar da kashiya ke saka filashin kowa, kai kuma ka cire mata ƙofa saboda insitolarka. Ya ce ya ga wani saiti wai AlwaysInstallElevated. Wannan ma ya fi muni, in ka kunna shi duk wanda ya haɗa MSI ya kawo zai gudu da ƙarfin SYSTEM, ita kanta Microsoft ta ce daidai yake da ka ba kowa admin. Ta uku ita ce mai ɗan kama hankali, wato a naɗe MSI ɗin a cikin setup.exe mai neman admin tun farko. Zai yi aiki ranar sakawa, ba musu. Amma ranar da za a cire manhajar ko a gyara ta daga Control Panel ba ta setup.exe ɗinka za a bi ba, Windows zai ɗauki kwafin MSI da ya ajiye ne ya gudanar kai tsaye, matsalar ta dawo sabuwa fil, a lokacin kai kana wani gari.

Sai aka fara gyara na gaskiya. Ya canja zuwa Execute="deferred", wato jinkiri zuwa zagaye na biyu, ya bar shi a inda yake, sai MSI ya ce 2762, "Cannot write script record. Transaction not started." Aikin jinkiri dole ya zauna tsakanin InstallInitialize da InstallFinalize don a nan ne kaɗai ake rubuta jerin. A ƙa'ida ma bai kamata wannan ya kai ga kwastoma ba, akwai binciken ICE77 da ke kama shi tun wajen haɗa fayil, amma da na leƙa furojet ɗin sai na ga SuppressValidation, saitin da ke hana binciken, a kunne, wai binciken yana ɓata masa lokaci. Muka kashe shi. Ya matsar da akshan ɗin Before="InstallFinalize", aka sake gwadawa, har yanzu an hana shi HKLM, sai dai a wannan karon komai ya janye tas, ba a bar rabin manhaja ba, wanda shi ma ci gaba ne.

Nan ne mutane da yawa ke maƙalewa, suna ɗauka deferred shi ne admin. Deferred lokaci kawai ya canja. Waye zai gudanar da aikin kuwa Impersonate ke faɗa, kuma a WiX in ba ka rubuta komai ba yes ne. Sai ka haɗa biyun:

<CustomAction Id="Daidaita" BinaryKey="AyyukaCA" DllEntry="Daidaita" Execute="deferred" Impersonate="no" Return="check" />

In kana son tabbatarwa ba sai ka yarda da XML ba, buɗe MSI ɗin da Orca, wadda ke zuwa cikin Windows SDK, ka je teburin CustomAction ka dubi Type. DLL daga teburin Binary 1 ne, jinkiri 1024, rashin aron riga 2048, jimla 3073. In ka ga 1025 to jinkiri ne amma da izinin mai dannawa. In ka ga 2049 kuma an sa Impersonate="no" a kan immediate, wanda ba ya tsinana komai. Kuma duk wannan sai in fakitin na kwamfuta gaba ɗaya ne, InstallScope="perMachine" wato ALLUSERS=1, nasa dama haka yake. Bayan wannan canji gaisuwar cikin log ta koma Elevated.

Murna ba ta daɗe ba. Akshan ɗin ya faɗi a layinsa na farko da "Cannot access session details from a non-immediate custom action". Yana kiran session["INSTALLFOLDER"] ne. A zagaye na biyu ba ka da damar karanta furofati, wato bayanai masu suna irin INSTALLFOLDER da MSI ke riƙewa, yadda ka ga dama, ƴan kaɗan ne suka rage kamar ProductCode da UserSID da CustomActionData, kuma ta CustomActionData ɗin nan ake tura maka duk abin da kake buƙata. Dabarar ita ce a zagayen farko ka saita furofati mai suna iri ɗaya sak da akshan ɗin:

<SetProperty Id="Daidaita" Value="FOLDA=[INSTALLFOLDER];FOT=[FOT];LASISI=[LASISI]" Before="Daidaita" Sequence="execute" />

a cikin C# kuma ka karanta session.CustomActionData["FOLDA"]. Harafi ɗaya ya bambanta a sunan furofatin, CustomActionData fanko zai iso maka. Abubuwa biyu na ce ya kula da su a nan. Duk furofatin da ake cikewa a taga dole sunansa ya zama manyan baƙaƙe zalla kuma a sa masa Secure="yes", in ba haka ba akwai lokacin da sabis zai watsar da shi, musamman wajen gyara ko canji in mai kwamfutar ba admin ba ne, za ka ga "Ignoring disallowed property" a log. Sannan duk abin da ka tura ta wannan hanya yana fitowa ɓaro-ɓaro a log, kuma log ɗin nan ta WhatsApp ake yawo da shi, don haka lambar lasisi ko fasawod a sa wa furofatin Hidden="yes", akshan ɗin kuma HideTarget="yes".

Daga nan rajistiri ya rubutu, netsh ya wuce, exe ɗin firinta ya gudu. Sai databes ya ƙi: "CREATE DATABASE permission denied in database 'master'". Ƙaninmu ya ce "haba Yaya, SYSTEM fa, wa ya fi shi a kwamfuta?" A Windows ba wanda ya fi shi, amma SQL Server gidan kansa ne da nasa jerin masu iko, kuma tun daga sigar 2012 ba a saka NT AUTHORITY\SYSTEM cikin sysadmin kai tsaye. Manaja shi ya saka SQL Server Express da asusunsa, shi ne sysadmin. Da can akshan ɗin da sunan manaja yake shiga, da an kai wajen da databes zai yi aiki, rajistiri ne ke tare hanya. Yanzu an buɗe rajistiri an rufe databes. Ka ga akshan ɗaya ana so ya zama mutum biyu.

Ba shi kenan ba, akwai waɗanda ba su faɗi da ƙara ba, su suka fi ɓata rai. Fayil ɗin saiti da ya kamata ya je AppData na manaja ba a gan shi ba, kuma log bai yi ƙorafi ba. Process Monitor muka kunna muka tace da sunan fayil ɗin, sai ga shi a C:\Windows\SysWOW64\config\systemprofile\AppData\Roaming. Daidai ne ai, an ce a ajiye a AppData na mai gudanar da aiki, mai gudanar da aiki kuma SYSTEM ne, kuma da yake akshan ɗin 32-bit ne sai aka karkatar da shi daga System32 zuwa SysWOW64. Haka abin da ya rubuta a HKCU, ɓangaren rajistiri na mai gudanar da aiki, can HKEY_USERS\.DEFAULT ya tafi. Lambar lasisin ma da muke murna ta rubutu, a HKLM\SOFTWARE\WOW6432Node ta sauka, manhajar kuma 64-bit take gudu tana nema a HKLM\SOFTWARE kai tsaye tana cewa babu. Sai kuma foldar ajiyar kwafi da suka zaɓa a Z:, wanda wata folda ce a ɗaya kwamfutar da manaja ya maƙala wa harafi, SYSTEM bai san wani Z: ba, haruffan nan na zaman wanda ya maƙala su ne kaɗai.

In kana son ka ga duniya yadda SYSTEM ke ganinta ba sai ka yi ta sake haɗa MSI ba, ɗauki PsExec na Sysinternals ka buga psexec -s -i cmd.exe, a tagar da ta buɗe ka buga whoami, ka gwada sqlcmd, ka gwada Z:. Da ƙaninmu ya yi wannan da kansa bayanin ya fi shiga fiye da duk surutun da na yi.

Abin da muka yi a ƙarshe shi ne muka wargaza akshan ɗin, kuma ra'ayina kenan tun farko, yawancin abin da mutane ke rubuta wa kostom akshan MSI ya riga ya iya shi. Lasisi ya koma RegistryValue a cikin Component mai Win64="yes" a fakitin x64, Windows Installer ya rubuta da kansa, ya goge da kansa ranar cirewa, ya janye da kansa in an samu matsala. Kama fot ya koma UrlReservation na WixHttpExtension da ya zo a WiX 3.10, buɗe fayawol kuma FirewallException. Saitin kowane mai amfani an cire shi daga insitola kwata-kwata, manhajar ke ƙirƙirarsa ranar da mutum ya fara buɗe ta, wanda dama shi ne daidai tunda kashiya uku ne kowa da asusunsa, insitola kuma sau ɗaya take gudu. Databes da foldar ajiya suka koma wata taga ta saitin farko a cikin manhajar, manaja ya buɗe da asusunsa ya danna, SQL ya gane shi. Akwai masu son a yi databes a akshan na jinkiri mai Impersonate="yes", zai yi aiki a wannan shagon, amma ranar da kashiya ya danna MSI aka kira manaja ya sa fasawod kawai, ko aka tura ta da /qn, wato sakawa shiru ba taga, daga nesa, sai a dawo gidan jiya.

Guda ɗaya ya rage da ba makawa, exe ɗin masu firinta. Shi a manifest ɗinsa an rubuta requireAdministrator, in aka kira shi da ragaggen izini ta CreateProcess ba UAC zai fito ba, kuskure 740 kawai za a dawo da shi. Ya zauna a deferred da Impersonate="no", bayan InstallFiles tunda sai fayil ɗin ya sauka, da sharaɗin NOT Installed. Muka yi masa abokin janyewa mai Execute="rollback", shi ma Impersonate="no", kuma a jeri dole ya zo KAFIN wanda yake janyewa, don in an faɗi daga ƙasa ake bin jerin zuwa sama, wanda ba a riga an rubuta ba ba za a gudanar da shi ba. Muka kira exe ɗin ta WixQuietExec maimakon cmd /c, ba don kyau kawai ba. Baƙar tagar nan da ke walƙawa ta ɓace, in SYSTEM ne ya buɗe ta a gaban mai amfani na gama-gari, hanya ce ta haurawa, masu binciken tsaro sun sha nuna yadda ake tsayar da ita lokacin gyaran MSI a fito da cmd mai ƙarfin SYSTEM, irin wannan ce Microsoft ta toshe a Satumban 2024 da lambar CVE-2024-38014. Sharaɗin NOT Installed ɗin ma yana hana shi sake gudu lokacin gyara.

Gwaji kuma ya tashi daga laptop ɗinsa ya koma kwamfutar gwaji ta VirtualBox mai sabon Windows da snapshot, asusu biyu, admin ɗaya na gama-gari ɗaya, a saka da danna sau biyu, a gyara, a cire daga Settings, a saka da /qn. Shi /qn ka tuna ba ya nuna UAC kuma ba ya bin InstallUISequence sam, dole daga cmd na admin za ka tashe shi, kuma duk furofatin da taga ke cikewa sai ka ba shi a layin umarni.

Sabuwar sigar ta hau kwamfutar gwaji lafiya, aka kai shago ta sake faɗuwa, wannan karon a RemoveExistingProducts. Tsohuwar ce ta ƙi fita. Ka tuna ta zauna a kwamfutocin duk da kuskuren, kuma ashe tana da wani akshan na immediate da ke goge urlacl lokacin cirewa, Return="check", shi ma ana hana shi, sai cirewar ta tsaya, sabuwar kuma ba ta hawa sai an cire tsohuwa. Gyaran da ka yi a sabon MSI ba ya shafar wannan, Windows da kwafin da ya ɓoye a C:\Windows\Installer yake cire tsohuwar. Kar ka shiga foldar nan da hannu ka ce za ka goge. A kwamfutoci biyu cmd na admin muka buɗe muka buga msiexec /x da ProductCode ɗin tsohuwar, tunda daga can rigar da ake ara cikakkiya ce sai akshan ɗin ya wuce. A ta ukun an riga an goge urlacl ɗin da hannu wajen gwaje-gwaje, netsh yana dawo da kuskure ko da admin ne, don haka sai da ya ɗauko tsohon furojet ya cire wancan akshan, ya sake haɗa shi da ProductCode da siga da sunan fayil iri ɗaya, muka buga msiexec /fv Manhaja.msi don Windows ya maye gurbin ɓoyayyen kwafin da wannan, sannan aka cire ta aka saka sabuwar.